Yadda zaka ceto hotunanka idan ekstanal had disk ɗinka ya fara ɗaukewa yana dawowa

Ekstanal ba kasafai yake mutuwa farat ɗaya ba, yawanci sai ya yi ta nuna alamu tukunna. Yau ka jona shi ya fito lafiya lau, gobe ka jona ka ji Windows ta yi ƙarar nan tata amma ka duba This PC babu shi, ko kana cikin tura hotunan biki ya kai rabi sai ya ɗauke, ko ka buɗe folda ta yi ta juyawa ta ƙi nuna komai sai bayan wani lokaci, wani hoton ma idan ya buɗe sai ka ga samansa lafiya ƙasansa kuma toka-toka. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko mai ɗaukar hoto ne na biki da suna ko kuma uwar gida ce da ta tara hotunan yara tun suna goye, abin da nake so ya zauna masa a kai tun yanzu shine ba gyaran disk ɗin ne a gabanka ba, fito da hotunan ne a gabanka. Gyara sai daga baya, in ma zai gyaru. Disk ana sayen wani a kasuwa, amma hoton mahaifin da ya rasu ko na ɗaurin auren mutane da suka biya ka kuɗi suna jiran album babu inda ake sayar da shi.

To farko dai ka zare shi ka ajiye, kar ka bar shi a jone yana ta wahala kana neman mafita a waya. Disk ɗin da cikinsa ya fara lalacewa duk mintin da ya yi yana juyawa ƙara lalacewa yake, don haka lokacin da ya rage masa a kan kwashe hotuna ya kamata ya ƙare. Yana ajiye ɗin sai ka zauna ka tuna ina ne kuma hotunan nan suke. Memorin kamara, idan baka goge ba to don Allah kar ka yi masa fomat yanzu, ka nemi wani ka ci gaba da aiki da shi. Tsohuwar waya, tsohuwar laftof, Google Photos, filash ɗin da ka taɓa ba wa kwastoma. Wanda ka tura wa mutane ta WhatsApp shima ya fi babu, sai dai ka sani WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau sai in a matsayin dokument ka tura shi. Wannan lissafin shine zai nuna maka waɗanne folda ne babu su a ko'ina sai cikin disk ɗin nan, su zaka fara cirewa.

Sannan ka tanadi inda zaka zuba su tun kafin ka sake jona shi, wato wani disk mai lafiya wanda ke da fili isasshe. Ko aro ne ka yi.

Abubuwa uku kuma haramun ne a gare ka a wannan matakin. Idan Windows ta ce "You need to format the disk before you can use it" ka danna Cancel, kar ka yarda. Idan ta ce "Scan and fix" shima ka ƙi. Kuma kar ka ƙara tura ko fayil ɗaya a cikinsa.

Yanzu ka jona shi a wuri shiru ka kara kunnenka. Mai lafiya zaka ji ya tashi da ɗan gurnani mai laushi, in ka ɗora hannu ka ji yana ɗan rawa kaɗan, domin a ciki akwai faifai da ke juyawa, a ƙananan nan yawanci sau 5400 a minti ɗaya, da wata 'yar allura da ke shawagi dab da fuskar faifan tana karantawa ba tare da ta taɓa shi ba. Idan ka ji ƙas, ƙas, ƙas a jere sannan ya yi shiru ya sake tashi, abu biyu ne, ko wuta bata isar sa ko allurar ta samu matsala. Idan kuma wani ɗan kuka yake yi siriri faifan bai tashi ba, sau da yawa allurar ce ta manne a jikin faifan. Abin da zai raba maka gardama shine tarihinsa: ya taɓa faɗuwa? An taɓa jan kebul ɗin ya faɗo daga tebur yana cikin aiki? In dai ya faɗi kuma daga nan ya fara wannan ƙarar, ka zare shi nan take, babu wata manhaja a duniya da zata gyara allurar da ta karye, kuma duk sake jonawa da kake yi karce faifan take, abin da aka karce kuwa ya tafi kenan. Wannan aikin masu ceto data ne waɗanda ke da ɗaki na musamman mara ƙura, zan dawo kansu a ƙasa.

In bai taɓa faɗuwa ba to sai mu fara da abu mafi arha, kuma wallahi shine ya fi yawan zama sanadi: kebul da wuta. Ƙananan ekstanal na inci 2.5 basu da caja, daga ramin USB suke shan wuta, kuma USB 2.0 a ƙa'ida 500mA kawai yake bayarwa yayin da USB 3.0 ke bada 900mA, lokacin tashi kuwa shine lokacin da motar disk ɗin ta fi jan wuta, shi yasa zaka ga a wani ramin yana ƙas-ƙas a wani kuma ya tashi garau. Ka nemi rami mai shuɗin harshe ko mai alamar SS. In deskitof ce ka zagaya baya ka jona a ramukan da ke manne da madabod, na gaba waya ce aka ja musu kuma sun fi rauni. Ka cire shi daga hob ɗin nan mai baki huɗu da ake jona maus da kibod da filash duk a tare. In laftof ce ka sa mata caja. Kebul ɗin kansa, mai faɗin bakin nan da ya rabu biyu, yana saurin sakin jiki musamman ga masu naɗe shi a jikin disk su jefa a jaka, sai wayar ciki ta karye ta wajen wuya alhali daga waje baka ganin komai. Ka samo wani gajere mai kauri, kar ka ɗauki dogo siriri don ya fi araha, kuma ka gwada a wata kwamfutar daban. Ka lura ko idan ka ɗan taɓa bakin kebul ɗin yana ɗaukewa, in haka ne to bakin da ke jikin disk ɗin ne ya yi lako-lako, ka kwantar da shi a tebur ka daidaita kebul ɗin yadda ya kama, ka sa salatif ka manne, kar kowa ya taɓa teburin har ka gama kwashewa.

Manyan kuma na inci 3.5 masu adafta ta 12V, adaftar tana gajiya, balle a wurinmu da wuta ke zuwa da ƙarfi ta koma ƙasa, a ɗauke a tada janareta. Ka gwada wata adaftar amma ka karanta rubutun jikinta da kyau, lallai 12V ce kuma amfiya ɗinta bai gaza na asalin ba. Cajar laftof kan kai 19V kuma bakinta na iya shiga ramin, in ka jona ta zata ƙone bod ɗin, ka kiyaye wannan sosai.

Akwai kuma saitin Windows da ke kashe ramin USB don tattalin batir, shi ke sa wani disk ɗin ya ɓace idan an ɗan bar shi. Ka shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, ka nemo USB settings ka mayar da USB selective suspend zuwa Disabled. Sannan a Device Manager ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers ka buɗe kowane USB Root Hub, a shafin Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi.

Idan duk da haka bai fito a This PC ba, ka danna maɓallin Windows da R tare ka rubuta diskmgmt.msc. Disk Management zata buɗe, a nan zaka ga yadda Windows ke kallonsa. In ka gan shi da girmansa daidai, an rubuta NTFS ko exFAT da Healthy amma babu harafi, to abin ya zo da sauƙi, danna dama ka zaɓi Change Drive Letter and Paths ka ba shi harafi. Girman kuma kar ya tsorata ka, tera 1 dama 931GB yake nunawa, ba wani abu ne ya ɓace ba. In ka ga RAW ko Unallocated, ma'anarsa tsarin da ke nuna inda kowane fayil yake ne ya rikice, hotunan kansu galibi suna nan kwance. In ya ce Not Initialized kuma ya buɗo maka akwati yana neman ka yi Initialize, ka rufe akwatin. In kuwa girman da yake nunawa shirme ne ko sifili, ko Disk Management ɗin kanta ta sandare sai ka zare shi take dawowa hayyacinta, wannan alama ce mai nauyi, cikin disk ɗin ne.

Wani abu da ke yawan faruwa ga masu kai disk ɗinsu shagon wankin hoto ko kafe ko wurin firintin: ka dawo gida ka ga duk foldojinka sun zama shotkot ko sun ɓace gaba ɗaya, amma in ka duba Properties fili yana nan a cike. Wannan bairos ne ya ɓoye su, disk ɗin lafiyarsa ƙalau. Kar ka danna shotkot ɗin ko ɗaya don dannawar ce ke tada shi. Ka bar antibairos ya share shi tukunna, sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta wannan, ka sa harafin disk ɗinka a madadin E:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldojin zasu dawo. Amma wannan sai in ka tabbatar matsalar kenan, disk baya ƙara baya sandarewa.

Mataki na gaba shine ka tambayi disk ɗin da kansa lafiyarsa, don kowane had disk yana rubuta tarihin ciwonsa a wani tsari da ake kira SMART. A Windows ka sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce, a kan kwamfutar zaka sa ta ba a kan disk ɗin ba. Zata nuna Good da shuɗi, Caution da ruwan ɗorawa, ko Bad da ja. Amma kar ka tsaya a launi kawai, ka duba layukan ƙasa, kuma don lambobin su fito yadda zaka gane ka shiga Function, Advanced Feature, Raw Values ka zaɓi 10 DEC. Layi na 05 yana ƙirga ƙananan guraben ajiyar data na jikin faifai da suka lalace har disk ya sauya su da na ajiya. C5 guraben da ya kasa karantawa ne yana jiran ya ga yadda zai yi da su, C6 kuma waɗanda ya kasa gyarawa. Waɗannan ukun sifili ake so a gani. In C5 ya wuce sifili to akwai hotunan da ke zaune a kan wuri mara kyau yanzu haka, shine dalilin hoto mai rabin toka da kuma kwafin da ke tsayawa a fayil ɗaya kullum. Kamfanin Backblaze da ke ajiye data a kan dubban disk ya daɗe yana wallafa cewa 05 da C5 da C6 suna cikin lambobin da yake sa wa ido kafin ya cire disk daga aiki, don haka ba abin rainawa bane. C7 kuma daban ne, kuskuren hanya yake ƙirgawa tsakanin disk da ɗan bod ɗin cikin kwalinsa da ke haɗa shi da USB, in shine ke hawa sauran suna sifili to akwai fata faifan lafiya yake. Ka duba zafi ma, in ya haura 50 ka bar shi ya huce, a zafin watan Afrilu a ɗakin da babu fanka disk na kaiwa nan cikin sauƙi idan ana dogon kwafi. Good ba ya nufin babu komai fa, akwai disk da ke mutuwa da shuɗinsa, amma Caution kam baya ƙarya. Masu Mac su sani cewa macOS bata karanta SMART ta USB da kanta, ya fi sauƙi a ari kwamfutar Windows a duba.

To yanzu kwashewa, kuma nan ne hanya ta rabu biyu.

In lambobin nan sifili ne ko kaɗan ne, disk yana buɗewa, baya ƙara, to ka kwafa kai tsaye amma da tsari. Ka fara da foldojin da ka lissafa ɗazu, mafi muhimmanci a gaba, ba wai ka zaɓi komai da komai har da finafinai da waƙoƙin da zaka iya sake samu ba. Copy zaka yi, kar ka kuskura ka yi Cut, in ya ɗauke a tsakiya baka san me ya tafi me ya rage ba. Ka mayar da folda zuwa Details don kar Windows ta tsaya haɗa ƙananan hotunan nan na leƙe, karatu ne na banza take ɗora wa disk ɗin. Kuma maimakon ja da maus, ni robocopy nake ba mutane shawara, tana cikin Windows dama:

robocopy E:\Hotuna F:\Hotuna /E /R:1 /W:1 /LOG:C:\Users\Public\kwafi.txt

E shine mara lafiya, F shine sabon. Amfanin /R:1 da /W:1 shine in ta tarar da fayil ya ƙi karantuwa ta sake gwadawa sau ɗaya ta wuce, domin in baka sa ba a asalinta sau miliyan take sake gwadawa da jiran daƙiƙa 30 a tsakani, wato a kan hoto ɗaya zata kwana tana azabtar da disk. Fayil ɗin kwafi.txt zai nuna maka waɗanda suka ƙi, kuma in disk ya ɗauke ka sake jonawa ka maimaita umarnin zata tsallake waɗanda ta riga ta kwafa. Kar ka sa /MIR da zaka gani a wasu wurare, yana goge duk abin da ke sabon disk wanda babu shi a tsohon.

In kuwa C5 na da yawa ko yana ƙaruwa, ko disk yana sandarewa, ko ya koma RAW tare da alamun ciwo, to kwafin fayil ɗaya-ɗaya bai dace da shi ba. Abin da ake yi shine a ɗauki kwafin disk ɗin gaba ɗayansa gurbi bayan gurbi a zuba a fayil guda, daga nan a ajiye mara lafiyan a ci gaba da aiki a kan wannan fayil ɗin. Manhajar da aka sani da wannan ita ce GNU ddrescue, kyauta ce, a Linux take. Yadda take yi kamar wanda buhun shinkafa ya fashe masa ne a ƙasa, ya fara kwashe tulin mai tsabta da sauri sannan ya dawo yana tsintar wadda ta shiga ƙasa. Tana fara karanta duk wuraren da ke da lafiya, tana tsallake masu wuya, sai a ƙarshe ta koma musu, don haka ko disk ya mutu a hanya ka riga ka samu mafi yawa.

Ka sauke SystemRescue, wata Linux ce da ke tashi daga filash kuma ddrescue na ciki, ka sa ta a filash da manhajar Rufus, ka tada kwamfutar daga filash ɗin. Sabon disk ɗin dole filinsa ya fi girman tsohon gaba ɗaya, ba girman hotunan kawai ba, in tsohon tera 1 ne ka nemi tera 2, kuma ya zama NTFS ko exFAT don FAT32 bata karɓar fayil da ya wuce 4GB. Ka jona su biyun ka rubuta:

lsblk -o NAME,SIZE,MODEL

Ka kalli suna da girma ka tabbatar wanne ne wanne, ka sake tabbatarwa, har ka rubuta a takarda, domin harufan nan suna canzawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta kuma kuskure a nan yana iya shafe abin da kake son cetowa. A ce mara lafiyan shine sdb, sabon kuma sdc1:

mkdir /mnt/sabo
mount /dev/sdc1 /mnt/sabo
ddrescue -n /dev/sdb /mnt/sabo/disk.img /mnt/sabo/disk.map

Wannan zagayen farko ne mai sauri. Idan ya gama sai ka koma wa wuraren da ya tsallake:

ddrescue -d -r2 /dev/sdb /mnt/sabo/disk.img /mnt/sabo/disk.map

Fayil ɗin disk.map ɗin nan shine gatanka, a ciki take rubuta inda ta tsaya, ko NEPA ta ɗauke wuta ko disk ya ɗauke ka dawo ka maimaita umarnin daga nan zata ɗora. Aikin na iya cin awoyi da yawa, wani ma kwanaki, don haka laftof mai batir mai kyau ko UPS ya fi, ka sa fanka tana kaɗa disk ɗin. In a tsakiyar aiki ya fara ƙas-ƙas ka danna Ctrl da C ka tsayar. Wanda kuma yake ganin wannan baƙin allon ya fi ƙarfinsa babu laifi ya kai wa wanda ya iya, amma ya faɗa masa ƙarara cewa kwafin disk gaba ɗaya yake so a fara ɗauka, ba fomat ba, ba gyara ba.

Da ka samu disk.img sai a nemi hotuna a ciki. TestDisk da PhotoRec tare suke zuwa, wani Bafaranshe Christophe Grenier ne ya rubuta su, kyauta ne kuma suna aiki a Windows da Mac da Linux. Ka fara da TestDisk domin in ta ga tsarin fayilolin zata fito maka da su da sunayensu da foldojinsu yadda ka tsara, ka shiga Advanced ka zaɓi List, ka danna a don zaɓar duka sannan babban C don kwafa zuwa wani wuri. In bata ga komai ba sai PhotoRec, ita bata damu da tsarin ba, bin disk take tana gane hoto daga yadda farkonsa yake. A File Opt ka cire alamar komai ka bar jpg da png, masu kamarar Canon da Nikon da ke ɗauka a CR2 ko NEF su bar tif don a ƙarƙashinsa suke, masu bidiyo su bar mov. Sai dai ka shirya, sunaye ba zasu dawo ba, zaka samu foldoji recup_dir.1, recup_dir.2 cike da fayiloli masu lamba, har da ƙananan hotuna da tarkacen da ka goge tun tuni. Abin da zai taimake ka shine ranar ɗauka tana cikin jikin hoton, ka jera su da Date taken a Windows zaka ga bikin kowa ya haɗu wuri ɗaya, ƙananan kuma ka jera da girma ka share. Duk abin da aka ceto a wani disk daban ake zuba shi, ko da wasa kar ya koma cikin mara lafiyan. In ka sa wa disk ɗin fasuwod ko BitLocker sai an buɗe shi da mabuɗinsa kafin waɗannan su ga wani abu.

Wani lokacin faifan lafiyarsa lau, ɗan bod ɗin da ke mayar da SATA, wato asalin bakin disk ɗin, zuwa USB ne ya mutu ko bakinsa ya karye, sai a ɓare kwalin roban a ciro disk ɗin a sa shi a sabon kwali ko a jona shi kai tsaye a deskitof. A yawancin ƙananan Seagate wannan yana yiwuwa. Amma ƙananan WD irin su My Passport da Elements bakin USB ɗin a jikin bod ɗin disk ɗin yake, babu SATA a ciki, sai dai mai gyara ya sake liƙa bakin da dalma. Wasu My Book kuma bod ɗin kwalin yana kulle datar da kansa, in ka ciro disk ɗin ka jona a wani wuri sai ya nuna kamar babu komai, don haka kar ka yar da bod ɗin kuma kar ka yarda da fomat. Ɓare kwali yana kashe garanti, sai dai garantin ma yawanci disk kawai suke canza maka.

Ɓare kwalin roba daban, kwance murfin ƙarfen disk ɗin daban. Na biyun kar ka bari a yi shi a teburin shago, ƙurar da ido baya gani ta fi tazarar da ke tsakanin allura da faifai girma, balle ƙurar hunturu. Sa shi a firiza da ake yaɗawa shima ka bari, raɓa ce zata taru a ciki, haka bubbuga shi. In ka kai wa masu ceto data ka tambaye su a ina suke buɗewa, ko suna ɗaukar kwafin disk kafin su taɓa komai, kuma ko zasu nuna maka jerin abin da suka samu kafin ka biya. Hotunan iyali ne da na matan mutane a ciki, ka san hannun da zaka ba.

Sai bayan hotuna sun fita, ka buɗe wasu daga kowace folda ka ga suna buɗewa har ƙasa, sannan ne chkdsk, wato umarnin Windows mai yin aikin "Scan and fix" ɗin nan, ke da wuri. Dalilin da yasa na hana tun farko shine ita tsarin disk take gyarawa ba hotunanka ba, in ta ga fayil ya rikice tana iya yanke shi ta jefa guntayen a folda FOUND.000, kuma /r ɗinta bin kowane gurbi take, wanda zai iya ƙarasa disk mai rauni. In matsalar kebul ce ko cirewa ba tare da Eject ba, ka yi chkdsk E: /f ko ka yi cikakken fomat ba Quick ba, ka sake duba SMART, in 05 da C5 da C6 sifili ne ka ci gaba da amfani da shi. In ba sifili bane ni dai ba zan sake ba shi amanar hoto ba ko ya koma kamar ya warke.

Wajen sayen sabo, ka jona shi a CrystalDiskInfo tun a shago in zai yiwu ka duba Power On Hours, wato awoyin da ya yi yana aiki, nan zaka gane ko tsohon disk ne aka sa wa sabon kwali. Wanda aka rubuta tera da yawa a kuɗin filash ka guje shi, akwai na bogi da ke nuna girman ƙarya suna karɓar hotuna suna shafe na baya, H2testw tana tona su don cika disk take da data ta sake karantawa, ka yi wannan tun yana fanko. In Windows kaɗai kake amfani da ita ka bar shi a NTFS, ta fi exFAT jure ɗaukewar wuta, exFAT sai in dole kana yawo tsakanin Mac da Windows. In kana tura hotuna masu yawa ka ga gudun ya faɗi bayan wani lokaci kar ka firgita, da yawa daga ƙananan disk na yanzu nau'in da ake kira SMR ne kuma haka suke a dogon rubutu, jinkiri wajen karantawa ne abin tsoro.

Kuma a wannan karon hotunan su zauna a wuri uku: a kwamfuta, a ekstanal, da wani na ukun da baya ɗaki ɗaya da su, ko disk na biyu a gidan ɗan'uwa ko a intanet, saboda gobara da ɓarawo da ruwan sama basa zaɓar disk ɗaya su bar ɗaya. Da yawa abin da suke kira bakof tura hotuna ne ekstanal su goge na kwamfuta, wannan kwafi ɗaya ne har yanzu. Google na bada 15GB kyauta wanda Gmail da Drive da Photos ke rabawa, kuma tun Yunin 2021 duk hoton da ka ɗora yana cin wannan filin, don haka ka zaɓi waɗanda ba zaka iya jure rashinsu ba ka ɗora su da datar dare. Manhajar FreeFileSync zata riƙa daidaita maka disk biyun ba sai ka bi folda-folda ba. Ka riƙa yin Eject kafin ka zare, kar ka ɗaga shi ko ka matsar da shi yana juyawa, ka cire kebul daga jikinsa kafin ya shiga jaka, kuma duk bayan wata biyu ko uku ka jona na ajiyar ka buɗe tsofaffin foldoji ka duba lambobin nan uku.